Katin kwalin sigari: na Ingila, na Amurka ko na Jamus?

A shekarun 1880 kamfanonin sigari na Amurka irin su Allen & Ginter suna saka ɗan kati a kwali don kada karan sigari ya karye. Da suka ga fili ne na talla, sai suka cika shi da hotuna masu launi. Yau masu tara kayan tarihi ke farautarsu, kuma kasuwar iri-iri ce.

In yanzu za ka fara, ni dai na Ingila zan nuna maka. Kamfanonin Wills na Bristol da Player's na Nottingham sun riƙa fitar da jeri-jeri, galibi kati 25 ko 50: tsuntsaye, jiragen ƙasa, tutoci, 'yan ƙwallo, kowanne da ɗan bayani a bayansa. Na shekarun 1930 an buga su da yawan gaske kafin ƙarancin takarda na yaƙin duniya na biyu ya tsayar da harkar, shi ya sa ba su da tsada. Zanen kuwa abin kallo ne, aikin masu fasaha da ko sunansu ba a sa ba. Sayi jerin a cike, don neman cikon ɗaya-ɗaya ya fi cin kuɗi. Ka nemi a nuna maka bayan katin: da yawa an taɓa manna su a littafi, wajen ɓamɓarowa rubutun ya tafi. Akwai kuma sabon bugu, takardarsa ta fi fari da sheƙi.

Na Amurka sai mai ƙarfin aljihu. Jerin T206 na 'yan wasan baseball, wanda American Tobacco Company ya fitar daga 1909 zuwa 1911, a cikinsa katin Honus Wagner yake, wanda aka sayar dala miliyan 7.25 a 2022. Inda kuɗi ya kai haka jabu ba ya ƙarewa, wasu har datse gefen kati suke yi ya fito kamar sabo. Kada ka taya sai wanda kamfanin tantancewa irin PSA ya rufe a roba ya ba shi maki.

Jamusawa littafi suka fi yi. A shekarun 1930 mai shan sigarin kamfanin Reemtsma yakan tara takardun shaida ya karɓi hotuna, ya manna su a littafi da kansa, kamar littafin wasannin Olamfik na 1936. Farashin da sauƙi, sai dai ka bi shafi-shafi ka tabbatar ba hoton da ya faɗi. Wasunsu kuma farfagandar 'yan Nazi ce tsagwaronta, don haka ka duba abin da ke ciki kafin ka biya.