Kwafe tsohon faifai sukutum ko yin fomat: amsa ga mai shagon buga takardu

Ɗan'uwanmu mai shagon buga takardu a Mabera, Sakkwato, ya yi tambaya a zauren nan. Tsohuwar kwamfutarsa ta tebur mai Windows 7 ta fara nauyi, tana sandarewa ana tsakar aiki, wani lokaci kuma faifan cikinta yana wani ɗan ƙara. A cikinta akwai manhajar lissafin shago da direban wata tsohuwar firinta (ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane firintar), kuma faifan CD ɗin da aka saka su da shi ya ɓata tuntuni. Wani injiniya ya ce a sayo sabon faifai a yi fomat, wato a ɗora Windows daga farko, wani ya ce a yi kulonin, wato a kwafe tsohon faifan gaba ɗayansa zuwa sabo. Wanne ya fi?

Malam, kafin komai ka daina ba kwamfutar nan aiki mai nauyi, ka kwashe takardun da ka fi ji da su zuwa filashi yau ɗin nan. Sannan a duba lafiyar faifan da wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo, wadda take karanta bayanan da faifan kansa yake ajiyewa game da lafiyarsa. Shuɗi alamar lafiya ce, rawaya gargaɗi ne cewa wasu gurabun ajiya sun fara lalacewa, ja kuwa faifai ya kusa tafiya. Launin da ka gani shi zai nuna irin gaggawar da kake ciki.

Fomat ba ta da wuyar bayani. Za ka samu kwamfuta mai tsabta, ba tarkacen shekaru, ba ƙwayar cutar nan da filashin ɗalibai ke yawo da ita tana mayar da fayil ya koma gajeriyar hanya. Wannan alheri ne na gaske. Matsalar ita ce abin da za ka ɗora bayan an goge. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 ma wa'adinsa ya cika a 14 ga Oktoba 2025, shi kuwa Windows 11 yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da sabon furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) wanda kwamfutar zamanin Windows 7 ba kasafai take da shi ba. Ko ka mayar da Windows 7 ɗin, manhajar lissafin fa? Lambar rajistarta fa? Direban firintar da kamfaninta wataƙila ya sauke daga shafinsa fa? Idan waɗannan ba sa hannunka, fomat za ta bar maka kwamfuta mai sauri wadda ba ta iya aikin da kake cin abinci da shi.

Kulonin kuwa ba kwafen fayil ba ne irin na jawo babban fayil daga nan zuwa can. Ana ɗauko komai ne: Windows, manhajoji, direbobi, saituna, har da ɗan sashen farkon faifai wanda kwamfuta take karantawa idan an kunna ta. Idan aiki ya yi kyau, ka cire tsoho ka sa sabo, ka danna maɓalli, hoton da ke fuskar allonka jiya shi za ka gani yau, firinta ta amsa kamar ba a taɓa komai ba. Amma duk abin da ke ciki zai biyo ka, mai kyau da marar kyau. Idan akwai ƙwayar cuta, ta ƙaura tare da kai. Kuma kulonin na wannan kwamfutar ne: idan ka kai faifan cikin wata mai allon uwa (babban allon da duk kayan ciki ke haɗe da shi) daban, Windows 7 yakan ƙi tashi, ya watso maka shuɗin allo. Akwai kuma wasu manhajojin kuɗi da ke ɗaure rajistarsu da lambar faifai, waɗannan za su iya sake neman rajista ko bayan kulonin, don haka kada ka yar da tsohon faifan.

Ni a ganina, a halin da kake ciki, kulonin ne farko. Dalilin ɗaya ne kuma ya isa: fomat tana nan tana jiranka ko bayan shekara, amma faifan da ya mutu ba a kwafe shi a shagon unguwa. Sai dai wuraren ceto bayanai na musamman, kuma kuɗinsu yakan fi kuɗin kwamfutar. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Sai maganar kayan aiki, kuma nan ne injiniyoyi da yawa suke yin gaggawa. Clonezilla kyauta ce, daga wata cibiyar binciken kwamfuta ta ƙasar Taiwan ta fito, ana ɗora ta a filashi a tayar da kwamfuta da ita. Tana da sauri domin wuraren da ke ɗauke da bayanai kaɗai take kwafewa, ta tsallake fili. Ga faifai mai lafiya, wanda ya nuna shuɗi, ba ni da wadda zan sa a gabanta. Amma faifai mai ciwo wani abu ne daban. Duk lokacin da aka tilasta masa karanta gurbin da ya lalace, ana ƙara gajiyar da shi ne. Don irin wannan aka yi ddrescue, wadda ke cikin filashin ceto na SystemRescue. Ita takan bi faifan ta kwashe duk inda ke karantuwa cikin sauƙi tukuna, ta tsallake wuraren da suka yi gardama, sai daga baya ta dawo kansu a hankali. Tana kuma rubuta taswirar inda ta tsaya a wani ɗan fayil. Wannan taswirar ita ce abin da ya fi dacewa da mu a Sakkwato: idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, da ta dawo sai a ci gaba daga inda aka tsaya, ba sai an sake wahalar da faifan daga farko ba. A tabbata dai an ajiye taswirar a filashi, ba a ƙwaƙwalwar wucin gadi da ke gogewa idan wuta ta tafi ba. Aibinta shi ne ba ta da hotuna da maɓallai, umarni ake rubuta mata, don haka ka nemi injiniyan da ya taɓa aiki da ita. Tunda naka yana ƙara, ita nake ba ka shawara.

Ko da wacce za a yi, ka tsaya a kan injiniyan lokacin da zai zaɓi faifan da za a kwafo da wanda za a kwafa a kai. A allon, sunayensu sda da sdb ne kawai, kuma idan aka juya su, sabon faifai marar komai ne zai hau kan tsohon ya shafe aikin shekaru cikin ɗan lokaci. A karanta sunan kamfani da girman kowanne da babbar murya kafin a danna. Ba raina sana'ar kowa ba ne, kuskure ne da ba shi da gyara.

Game da sabon faifan, SSD, wato faifan zamani, za ka saya in dai kwamfutar tana da mahaɗin SATA, mai siririyar waya. Ba shi da abin da ke juyawa a ciki, don haka girgiza ba ta damunsa, kuma saurinsa ya ninka na tsohon sau da yawa. Kwamfutar da kake kunnawa ka tafi ka yi alwala kafin ta gama tashi za ta ba ka mamaki. Ka kula da girma. Sabon dole ya kai tsohon ko ya fi shi. Idan naka mai giga 500 ne, kada a sayar maka da mai 480 a ce ai kusan ɗaya ne, kulonin zai ƙi kammaluwa. Ɗauki mai 512. Idan kuwa ka buɗe ka ga faffaɗar waya mai fil 40, tsohon mahaɗin IDE ke nan, sai an haɗa da ƙaramar adafta.

Aikin yana iya cin awanni, faifai mai ciwo har ya kwana ana yi. A watannin Maris zuwa Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, shi kuma tsohon faifan da ake karantawa ba hutu zafi yake ƙara yi. A buɗe murfin akwatin, a hure ƙurar hunturun da ta toshe fanka, a juya masa fankar tebur, a fara da daddare a kan inbata ko sola maimakon dogaro da wutar layi.

Idan an gama, a cire tsohon faifan kafin a kunna kwamfutar karon farko, domin su biyun yanzu shaida ɗaya suke ɗauke da ita kuma Windows yakan rikice. Kada a taɓa saitin SATA a cikin BIOS, wato shafin saitunan da ake shiga kafin Windows ya tashi. Ka gwada firinta, ka buɗe manhajar lissafi ka duba bayanan watan jiya, sannan a bi kwamfutar da maganin ƙwayar cuta. Tunda Chrome ya tsaya a siga ta 109 a kan Windows 7, ka bar wannan kwamfutar ga buga takardu da lissafi, harkar banki da rajistar ɗalibai ta intanet a yi su a wata. Tsohon faifan kuma ka rubuta kwanan wata a jikinsa, ka sa shi a leda ka ajiye a durowar da rana ba ta kaiwa.