Makullin da yatsa ke buɗewa: wanne za ka saya?

Ina magana ne kan 'yar na'urar tsaro da ke buɗe asusunka na intanet da zanen yatsa. Kafin ka biya ko sisi, tambayi mai sayarwa: daga zanen yatsana ake ƙera mabuɗin sirrin, ko yatsan buɗe shi kawai yake yi? Hanyar farko masana sun daɗe a kanta, tun 2004 Dodis da Reyzin da Smith suka fitar da lissafinta. Sai dai yatsa ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu, kuma in aka sace zanensa shi ke nan. A 2015 an kwashe zanen yatsun mutum miliyan 5.6 daga ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka. Lambar sirri ana canza ta, yatsa fa?

Shi ya sa na tsaya kan mai bin hanya ta biyu, YubiKey Bio, wadda kamfanin Yubico ya fitar a 2021. A cikinta ake samar da mabuɗin, ba ya fita, zanen yatsan ma can yake zama. Tana ɗaukar yatsu biyar, in ta kasa gane ka sau uku sai ta nemi lambar sirri. Wannan ne ya ja ni, domin da hunturu yatsuna kan yi kaushi su tsage, wata manhaja ta taɓa rufe ni waje ba wata ƙofa. Ka yi rajistar yatsun hannu biyu. Tana da tsada, kuma sai an soka ta a ramin USB, ba a kara ta a bayan waya.

Irinta ta wani kamfanin, Feitian BioPass, ta fi araha, ba laifi. Makullin yatsa na cikin waya ya ishi mai Facebook da imel. Na kwamfutar cinya kuwa, a 2023 masu bincike sun tsallake shi a na Dell da Lenovo da Microsoft.

Sai jabu. Kada ka karɓi wadda aka ɓare kwalinta, ko ta hannu, komai rantsuwar mai ita. Farashin da ya faɗi warwas ma abin tsoro ne. Yubico na da shafin tantance ta gaske, ka gwada tun kana shagon. Duk manhajar da ta ce ka ɗauki hoton yatsanka ta "haɗa maka mabuɗi", goge ta. A 2014 Jan Krissler ya kwaikwayi zanen yatsan ministar tsaron Jamus ta lokacin, Ursula von der Leyen, daga hotuna kawai. In da hali sayi biyu, ka ajiye ɗaya a gida.