Hitar gas marar bututun hayaƙi a hunturun Kano: ta fi kasko, amma da sharaɗi

Idan tambayar ita ce ko tana ɗumama ɗaki, ƙwarai kuwa. Ka kunna ta bayan magariba, kafin a kira isha'i falo ya ɗau ɗumi har mutum ya tuɓe rigar sanyi. Ba ta jiran a kawo wuta, ba ta toka, ba ta tartsatsi, ba a yi mata fifita. Sai dai duk wanda zai saya ya riƙe abu guda: ba ta da hanyar fitar da komai waje. Abin da wutarta ta haifar a ɗakin yake zama, iskar da take ci kuma ita ce wadda kai da iyalinka kuke shaƙa.

Saboda mahaifiyata na saya. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, kuma daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin da sanyin asubar Kano kan sauka har wajen digiri 12 ko 13, ba ta yarda a raba ta da kaskon garwashi. A sa mata a tsakar ɗaki, a saki labule, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ni kuwa ba na samun barci in na tuna abin da gawayi ke yi wa mutane a rufaffen ɗaki. Hitar lantarki ba ta fisshe mu ba, don a Gwammaja ba kullum ake samun wuta da daddare ba, ƙaramin janareto kuma ba ya ɗaukar abin da ke jan wat 2,000.

A kasuwar Sabon Gari na same ta. Akwatin ƙarfe ce mai tayoyi, tsayinta bai kai ƙugu ba. Gabanta raga ce, a bayan ragar an jera wasu guntayen yumɓu da aka yi su kamar itacen girki, wuta na tashi a tsakaninsu. A bayanta akwai gurbin da tukunyar gas mai kilo 12.5 ke shiga. Ƙarfinta kilowat 3, tana da hawa uku. Kyan gani kam tana da shi, Hajiya ma abin da ya fara jan hankalinta ke nan, don ta ce ɗumin da ba a ganin wutarsa ba ya ratsa ta. Waɗannan guntayen ba a jera su yadda aka ga dama. Kowanne da mazauninsa a zanen da ke cikin takardar, in ɗaya ya goce ya tare harshen wuta sai ta fara baƙin hayaƙi.

Kunna ta yana son haƙuri kaɗan. A buɗe regileta, a danna makunni a riƙe, a latsa ƙyastu har wata 'yar wuta shuɗiya ta kama a gefe, a ci gaba da riƙewa kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, sannan a saki a murɗa. Wannan 'yar wutar, wadda nake kira wutar gadi, ita ce mafi daraja a jikin hitar. Tana dukan wani siririn ƙarfe ne. Muddin ƙarfen na da zafi, hanyar gas a buɗe take, da ya huce sai ta rufe. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 21 cikin 100 oksijin ce. An ƙera wutar gadin ta yadda idan oksijin ɗin ɗaki ya ragu zuwa wajen kashi 18, sai ta ɗage daga jikin ƙarfen, ya huce, hitar ta mutu da kanta. A Amurka tun 1980 ake sa wannan tsaro a irin waɗannan hitoci. Duk da haka jihar Kalifoniya ba ta yarda a sa su a gidajen kwana ba, inda aka yarda kuma an iyakance girman wadda za ta shiga ɗakin barci. Mutanen da suka fi mu sanyi ke nan, suka kuma fi mu daɗewa da abin.

To, a nan Kano abokin gabar wutar gadi ƙura ce. Tana da wata 'yar kafa da iska ke shiga, ƙanƙanuwa ƙwarai, kuma lokacin da ake buƙatar hitar shi ne lokacin da buji ke shiga ko'ina, har cikin kwanon da aka rufe. Da ƙura ta taru a kafar sai wutar ta koma rawaya, ta yi laushi, hitar ta riƙa mutuwa alhali iskar ɗakin lafiya lau. Da tamu ta fara haka, na kai ta wurin wani mai gyaran kukar gas. Ya duba ya ce, "Alhaji, wannan ƙarfen ne ke takura maka. Bari in ɗaure maka shi, ba za ta ƙara mutuwa ba." Na ce, "Malam, ai mutuwar tata nake so. Ranar da iska ta ƙare a ɗakin tsohuwa, wa zai kashe ta?" Ya yi shiru, sannan ya ce yawancin masu kawo masa abin da suke nema ke nan. Ban ga laifinsa sosai ba, kuka ya saba gyarawa, wadda ake girki da ita a kicin ƙofa a buɗe. Amma maganar ta tsaya mini a rai, don ban san gidaje nawa ne a garin nan ake kwana da hitar da aka cire wa mai gadi ba. Don Allah, kowa ya ce zai ɗaure maka ita, ko ya faɗaɗa kafar da allura ko waya, ka ɗauko kayanka.

Gyaran na gaskiya bai kai a biya kowa ba. A rufe tukunya, a bari ta huce sarai, a hura kafar da ɗan famfon roba irin na masu gyaran waya, ko da tsinken shan lemo, a bi bakin murhun da busasshen burushi mai laushi, a goge raga. Ni duk Juma'a nake yi in hazo ya yi yawa. Da rana kuma ina lulluɓe ta da zane, bayan na tabbatar ta huce. In an hura wutar gadi ta dawo shuɗiya tana tsaye ƙyam, shi ke nan. In kuwa ta ci gaba da mutuwa a ɗakin da taga ke buɗe, a sauya kan wutar gadin gaba ɗaya da irinsa, kada a yi masa dabara. Wannan ma wani rauni ne na hitar: kayan gyaranta ba su cika kasuwa ba, gara ka tambayi mai shago tun kafin ka biya.

Abin da mai shagon bai gaya mini ba, kuma ya kamata a ce shi ya fara faɗa, shi ne wutar gadi oksijin kawai take aunawa. Ba ta san kabon monoksaid ba, wato gubar da wuta ke fitarwa in ba ta ci sosai ba, wadda ita ce dai ke kashe masu kwana da gawayi. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana riƙe ta fiye da yadda yake riƙe oksijin sau 200 da wani abu. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, abubuwan da a hunturu kowa zai ce mura ce ko zazzaɓi, mai barci kuwa ba ya jin komai. Hita mai tsabta kaɗan take fitarwa, mai ƙura ko wadda aka taɓa tana iya fitar da mai yawa tun oksijin bai ragu ba. Shi ya sa na haɗa da ƙararrawar da ke jin wannan guba, mai batir. Daban take da mai jin hayaƙi, kuma masu shago kan miƙo maka waccan, don haka a duba lambar EN 50291 a jikinta, a duba ranar ƙarewarta, don ita ma tana tsufa. Tamu tana bango, tsakanin hitar da kujerar Hajiya. In ta yi kuka, ko mutum biyu suka ji ciwon kai lokaci guda, a kashe, a buɗe ko'ina, a fita tsakar gida. Wanda ya galabaita a wuce da shi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, a kuma gaya wa likita cewa a ɗakin hita yake.

Dokar taga ce muka fi kai ruwa rana a kanta. Hajiya ta ce, "Kai yanzu ka kawo mini abin ɗumi, sannan ka buɗe wa jaura hanya?" Na ce, "Hajiya, yatsa biyu kawai, ki yi haƙuri. Wutar ma numfashi take yi." Ta yarda, amma sai da ta ga ɗumin bai ragu ba. Tsofaffin ɗakunanmu masu tagar katako da ƙofar da ba ta kama ƙasa suna shan iska da kansu. Sababbin gine-gine masu tagar alminiyam da silin da aka like ko'ina su ne abin tsoro. Doka ta biyu ba ta da sassauci: ba a barci tana ci. Muna kunnawa daga magariba zuwa lokacin kwanciya, a kashe ta daga regileta, bango da darduma sun riga sun ɗau zafi, bargo ya ƙarasa aikin. Da asuba a sake kunnawa kafin Hajiya ta yi alwala. A falo hitar take zaune, ba ta shiga uwar ɗaka, ba ta shiga banɗaki.

Wani abu da ban zata ba shi ne laima. Kowane kilo na gas in ya ƙone yana fitar da ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a matsayin tururi. A hawa na sama hitar tana shan kusan giram 220 a awa, ke nan cikin awa uku ta zuba wa ɗaki kamar ledar fiya-wata biyu. A ƙasashen sanyi ƙorafi ake yi da wannan, bango yana fumfuna. A bushewar hunturun Kano, da leɓe ke fashewa hanci yana jini, mu sauƙi muka ji. In dai ka ga gilashin taga ya fara gumi, ɗakin ya cika rufuwa ne. Da wannan lissafin tukunya mai kilo 12.5 tana kai awa 50 da ɗoriya a hawa na sama, ta fi haka a na ƙasa, wanda shi muka fi amfani da shi. Ta fi gawayi tsada, babu musu.

Akwai abubuwan da ba na so a jikinta. Kunnawar farko ta yi warin fenti, sai da muka bar ta a tsakar gida ta ƙone shi. Ragar gabanta tana zafi sosai, kuma wutar da ake gani tana jan yara, jikokin Hajiya ba a barin su su kaɗai da ita. Tana son fili, aƙalla mita ɗaya tsakaninta da labule, kujera, katifa ko gidan sauro, ƙaramin falo mai cike da kaya ba zai ɗauke ta ba. Ba a shanya a kanta, ko da safar yaro ce. Mata su kula da bakin hijabi da mayafi in za su gifta. Sannan ba ta shiri da turare: duk abin da ke yawo a iska sai ya bi ta cikin wutar ya fito da wani wari mai hawa kai. In za a yi turaren wuta ko a fesa maganin sauro, a kashe ta tukuna, maganin feshi ma kama wuta yake yi. Mai asma ko tsohon ciwon ƙirji ya nemi shawarar likita kafin a kawo ta, don wutar gas tana fitar da wata iska mai ƙaiƙayin maƙogwaro ko da tana ci daidai.

Tiyon da ta zo da shi siriri ne, na sauya da mai kauri wanda aka buga wa shekarar ƙira, na ɗaure bakinsa biyu da kilif, ba da waya ko robar taya ba. Regileta mai ƙaramin ƙarfi take so, irin ta kukar gida. Ta masu tuya da girkin biki ƙarfinta ya yi mata yawa. Duk sanda aka sauya tukunya, a tsakar gida nake yi, nesa da murhu, in shafa ruwan sabulu a mahaɗa. In ya yi kumfa akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, inda yara ke wasa, don haka in an ji warinsa kada a taɓa makunnin fitila, a rufe tukunya, a buɗe ƙofofi. Masu sayen ta hannu, 'yan kwatano daga Amurka ko Turai, su duba farantin da ke bayanta: in an rubuta NG ta gas ɗin bututu ce, ba ta tukunya ba, kuma ba a juya ta a bakin kasuwa. Mai rubutun LPG, wato gas ɗin tukunya, ake nema.

Wanda yake da falo mai ɗan faɗi, da babban da zai tsaya a kanta, da halin sayen ƙararrawa tare da ita, zai ji daɗinta, kuma tsohonsa zai rabu da kasko. Mai ɗaki ɗaya da a nan ake zama a nan ake kwana, ko mai neman abin da zai kwana yana ci, ya sa kuɗinsa a bargo mai kauri da robar ruwan zafi.

Da zafi ya fara shigowa a Maris, ina cire tukunyar in mayar da ita kicin, in share hitar, in sa ta a babbar leda in ɗaure bakin. Zanzaro da gizo-gizo suna son bututun murhu, kuma gidan zanzaro guda ya isa ya karkatar da wuta. Kafin kunnawar farko ta baɗi a haska ciki da tocila, a duba tiyo ko ya tsage, a sa wa ƙararrawa sabon batir, a kuma fara gwada ta a waje.