Wasiƙa daga Birmingham: azurfar awo da azurfar ado

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da iyali da Hajiya. Sanyi ya fara shigowa nan, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, amma alhamdu lillahi.

Na ga saƙonka kan maganar azurfa. Ka ce tunda Naira kullum sai zubewa take yi, kana so ka riƙa turo ɗan abin da ya samu in saya maka, kuma wani ya nuna maka hoton sulallan da ake sakawa a akwati, ya ce su ne masu riba. Ban amsa da wuri ba don abin ya fi ƙarfin saƙon murya, kuma ni ma sai da na sha kaye a kansa.

A nan ba a auna ta da giram kamar gida, da oza ake yi, ozar zinariya da azurfa kuwa giram 31.1 ce, ta ɗan fi ta kayan abinci nauyi. Farashin oza ɗaya ne a duniya, kowa na ganinsa a waya yana hawa yana sauka. Sai dai babu mai sayar maka a wannan farashi. Kullum akwai ƙari a kai, kuma duk rigimar sulalla da sanda a kan wannan ƙarin take.

Sandar azurfa ita ce mai ƙaramin ƙari. Ƙarfe ne kawai aka zuba, aka buga masa nauyi da lambar 999, wato tsantsar azurfa kashi 999 cikin 1,000, da sunan matatar da ta tace shi. Akwai mai oza ɗaya, mai giram 100, har mai kilo guda, kuma iya girmanta iya sauƙin giram ɗinta. Matsalarta irin ta mai sa guda ce: ranar da buƙatar kuɗin makaranta ta taso, ba ka yanke ƙafa ɗaya ka kai kasuwa. Mai awaki goma ya fi shi sakewa.

Sulalla kuwa iri biyu ne, kuma a nan na faɗa rami. Shekarar da na fara aiki na ga wani sule a intanet, a cikin akwati mai laushi kamar na agogo, da takardar shaida mai lamba, an ce ƙididdigaggu aka buga. Yana ƙyalli kamar madubi. Na biya kusan ninki uku na kuɗin azurfar da ke jikinsa ina ganin na yi dabara. Bayan wata takwas, lokacin rashin lafiyar Baba, na ɗauke shi na nufi unguwar maƙeran zinariya da ake kira Jewellery Quarter. Na shiga wani shago mai ƙofa biyu, sai ta farko ta rufe ta biyu take buɗewa. Mutumin bai ko kalli takardar ba. Ya fito da sulen, ya ɗora a sikeli, ya duba farashin ranar, ya faɗi abin da zai ba ni. Na ce akwatin fa? Ya turo mini shi ta ƙarƙashin gilashi, ya ce in tafi da abina, shi azurfa yake saye. Na fito jikina a sanyaye.

Ba wai babu masu sayen irin wannan ba ne. Akwai su, kuma sun san abin da suke yi. Akwai kamfanoni biyu a Amurka, PCGS da NGC, da aikinsu shi ne duba sule su ba shi maki daga 1 zuwa 70, su rufe shi a roba. Tsakanin mai 69 da mai 70 kuɗi ne mai yawa, alhali ni da kai ko da tabarau ba za mu ga bambanci ba. Kuma in sulen ya yi baƙi ka goge shi da toka da lemun tsami yadda Hajiya ke yi wa awarwaronta, ka kashe darajarsa a wajensu. Sana'a ce ta waɗanda suka shekara ashirin suna karatun shekarun bugu da yawan abin da aka buga. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Iri na biyun shi ne sulen awo, wanda gwamnatoci ke bugawa da yawa kowace shekara, oza ɗaya cif. Na Birtaniya sunansa Britannia, an rubuta masa fam 2, kuma tun 2013 tsantsarsa 999 ce. Amurka na da Eagle tun 1986, Kanada na da mai ganyen nan, Maple Leaf. Ƙarinsa ya ɗan fi na sanda, amma duk shagon da ka shiga an san shi. Britannia na shekarun nan ma akwai wani ɗan da'ira a jikinsa, in ka karkata shi ka ga kwaɗon kulle ƙofa, in ka mayar ka ga mashi mai baki uku. Masu yin jabu na shan wuya a nan.

Abin da mai nuna maka hoto bai gaya maka ba shi ne haraji. A ƙasar nan zinariyar ajiya ba a biya mata VAT, azurfa kuwa ana biya, kashi 20 cikin 100, ba 7.5 irin na gida ba. Ranar da ka je sayarwa kuma babu mai mayar maka da shi. Wato tun kafin ka fita daga shago kana cikin asara, sai farashi ya tashi sosai kafin ka ga uwar kuɗinka. Dillalai kan yi tallar cewa Britannia ba a biyan harajin riba a kansa tunda kuɗin ƙasa ne. Gaskiya ne, amma ribar da ba ta kai fam 3,000 a shekara ba dama ba a taɓa ta, mu kuwa ina muka kai can. Hanyar da na samu ita ce sayen na hannu, waɗanda wani ya riga ya sayar wa shago, don a kansu harajin ribar mai shagon kawai yake hawa.

Kar kuma ka ɗauka azurfa ba ta faɗuwa. A 1980 oza ta kusa dala 50, ta rikito. A 2011 ta sake kusantar nan, zuwa ƙarshen 2015 tana wajen dala 14.

Sai maganar liyarin kakarmu da ka ce a tambaya, mai hoton matar nan da 1780 a jiki. Yaya, ka yi haƙuri. Matar ita ce Mariya Tereza ta Ostiriya, a 1780 ta rasu, kuma tun daga lokacin duk wanda aka buga wannan shekarar ake sa masa, har yau. An buga shi a Landan, an buga a Bombay, har a nan Birmingham an taɓa bugawa. Fatake ne suka cika ƙasarmu da shi, maƙeran fari suna narkarwa suna yin zobba da mundaye. Nauyinsa giram 28, tsantsar azurfar ciki wajen 23. Namu ma an huda shi an sa zare. Ku bar wa Hajiya abinta, darajarsa a gida ta fi ta kasuwa. Amma ka duba gwangwanin tsofaffin kuɗin nan: sule da fataka na zamanin Turawa da aka buga daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, yawancin waɗanda suka biyo baya kuwa farin ƙarfe ne ko gaci.

Abin da ya yanke mini hukunci shi ne tambayar inda za a sayar. Azurfarka gida za ta zo. In ka kai ta Kurmi, maƙeri zai goga, ya gwada, ya ɗora a sikeli, daidai da abin da Baturen nan ya yi mini. Babu mai biyan kuɗin akwati a Kano. Abu ɗaya da nan suka fi mu shi ne hatimi. Ofishin gwajin ƙarfe na garin nan tun 1773 yake aiki, alamarsa anga ce ta jirgin ruwa, in ka ga ta tare da lambar tsantsa 925 a jikin zobe ko cokali ba sai ka rantsar da kowa ba. Mu kuwa sai amana da sanin ido. Amma mun fi su ciniki, a nan abin da kwamfuta ta ce shi ke nan, ba albarka ba ragi.

Don haka ga yadda nake yi yanzu. Ina sayen Britannia na hannu da ƙananan sanduna, ina zuwa da kaina in biya in karɓa a wurin, hannu da hannu, yadda malamai suka ce a yi cinikin zinariya da azurfa. Ina da ɗan sikeli da mayen ƙarfe a aljihu. Azurfa ba ta kama mayen ƙarfe, kuma in ka ɗora sule a kan yatsa ka ƙwanƙwasa, ƙararsa doguwa ce siririya. Ka kuma sa zakka a lissafinka: nisabin azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595, wato da ka haura oza 19 kuma shekara ta zagayo, ta hau kanka.

In ka amince, turo na wata uku a haɗe, in fara maka da oza biyar, in riƙe rasit ɗin don ranar tahowa. Ka ɗauko mini hoton kuɗaɗen gwangwanin nan gaba da baya, a wurin haske yadda shekarar za ta fito. A gaishe da Hajiya, a ce mata man zafin da ta ce yana nan na saya.

Ƙaninka.