Shekara shida a kwance, bayansa ko ɗigon maki babu

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na Aboabo da Asawase a Kumasi. Kullum tambayar da ake aiko mana nan Ingila ta kuɗin haya ce da sanyi da takardu. Yau zancen jinya na kawo, jinyar wanda ba a sa ran tashinsa gobe ko jibi, saboda bayan wani bawan Allah da na gani.

Dattijo ne a Bamingam, hatsarin mota ya taɓa masa laka a wuya. Shekara shida ke nan yana kwance a ɗakinsa, numfashi ta hudar maƙogwaro, abinci ta robar da aka zura cikin tumbi ta fatar ciki. Da masu jinya biyu suka juya shi, bayansa sumul, dugadugansa sumul. Wanda ya taɓa jinyar tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye a zango ya san abin da wata uku kan yi. Ƙugu ya buɗe, ɗaki ya ɗauki wari, a kunna turaren wuta, a ce ciwo ne ya ci ƙarfinsa. Alhali kuwa kwanciyar ce ta ci naman.

Nauyin jiki yana matse fata tsakanin ƙashi da katifa, jini ya daina kaiwa wurin, cikin 'yan awanni naman ya fara mutuwa tun daga ciki kafin ido ya ga komai. Inda abin ya fi kamawa shi ne ƙashin gindi, kwatangwalo, dunduniya, idon sawu, allon kafaɗa da ƙeya. Ƙa'idar nan ita ce wanda haɗarinsa ya yi yawa kada ya wuce awa huɗu a kan gefe ɗaya, wasu ma duk awa biyu ake juya su. Juyin kansa da tsari. Ba a kife mutum a kan ƙashin kwatangwalo, karkata shi ake yi kaɗan, kamar digiri 30, a tokare bayan da filo, a sa wani tsakanin gwiwoyi, a sa wani ƙarƙashin sharaɓa yadda dugadugan za su yi lilo ba su taɓa katifa ba. Ba a jan sa a kan zanin gado, don jan ne ke yaga naman da ke ƙarƙashin fata. Suna da wani zani mai santsi da ake zurawa ƙarƙashinsa a zamar da shi, da injin ɗagawa in za a mai da shi kujera. Kowane juyi kuma a rubuce yake: ƙarfe nawa, wane gefe, wa ya juya.

A nan sai mun buɗe ido, don littattafan Turawa cewa suke a nemi inda fata ta yi ja, mu kuwa ja ba ya nunawa a jikinmu. Abin nema shi ne wurin da ya fi na kewayensa duhu, ko ya yi ɗumi, ko tauri, ko laushi fiye da kima. A duba da haske mai kyau, a taɓa da hannu, safe da yamma. In an ga alama, a ɗauke nauyi daga wurin gaba ɗaya. Don Allah a daina murzawa da man zafi, a daina gashi da ruwan zafi. Wanda jikinsa ba ya ji, sai ya ƙone bai ce uffan ba. Man kaɗanya yana da kyau ga busasshiyar fata, amma ba ya shiga buɗaɗɗen maki. Ledar nan da muke shimfiɗawa don katifa, a zafin Kumasi gumi da fitsari take tarawa har fata ta jiƙa ta saɓule, saboda haka a ɗora zanin auduga a kai, a sauya da zarar ya jiƙe. Koko kullum kuma ba ya gina nama. Yana bukatar ƙwai, kifi, wake da nono.

Ciyarwa ma da nata haɗarin. Wanda ya shanye, sau da yawa haɗiyarsa ta lalace, in aka ɗura masa ruwa yana kwance sai ya bi ta huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi da sarƙewar numfashi. A zaunar da shi sosai, cokali kaɗan-kaɗan, kada a kwantar sai bayan rabin awa. Mai robar ciki, ana wanke ta da ruwa kamar mililita 30 kafin abinci da bayansa, magani kuma ɗaya bayan ɗaya da ruwa a tsakani, in ba haka ba ta toshe. Jakar fitsari kullum ƙasa da mara, kada ta taɓa ƙasa, a zubar kafin ta cika.

Wa ke biya? In an tantance cewa babbar bukatarsa ta lafiya ce, NHS, hukumar lafiya ta gwamnati a nan Ingila, ke ɗaukar komai, ba ruwanta da dukiyar mutum. Amma kafin a kai nan, sai an auna shi a fannoni 12, numfashi, fata, abinci, motsi da sauransu, kuma iyalai da yawa ana ce musu bai kai ba. Wanda bai kai ba, in ajiyarsa ta haura fam 23,250, daga aljihunsa zai biya. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sauyin fuska. Yau wannan, gobe wancan, wani rabin awa kacal aka ba shi, ya wanke, ya ciyar, ya cike takarda ya fita da gudu. Dattijuwa Musulma ta ce mace take so, sai iyali sun nace an rubuta a tsarin jinyarta. Ga kaɗaici. Mako guda cur ba wanda ya yi sallama don dubiya sai mai albashi. A irin wannan lokacin nakan tuna yadda bayan Magariba ɗakin mara lafiya a zango ke cika, wannan da kwanon tuwo, wancan da addu'a.

To, ga abin da ke ci mini rai. Hannun da Bature ke biyan maƙudan kuɗi ya samu, mu a gida ɗaya muna da ashirin. Amma in an sallamo tsoho daga asibitin Komfo Anokye, jinyar kan mutum ɗaya take faɗawa, suruka ko 'yar da ba ta yi aure ba, har bayanta ya ƙage. Maza su leƙo, su yi addu'a, su ajiye sidi ashirin su wuce. 'Ya'ya maza, juya mahaifinku da wanke shi ba abin kunya ba ne, ku kuka fi ƙarfin ɗaga shi ma. Katin inshorar lafiya na NHIS ba zai turo muku mai juya shi da tsakar dare ba. Katifar iskar da muke aiko muku tana taimako, amma da an ɗauke wuta iskar za ta sace, don haka ba ta ɗauke muku juyi.

Ku ɗaura juyin a kan lokutan da ba a mantawa: Asuba, hantsi, Azahar, La'asar, Magariba, Isha, sha biyun dare, sai ƙarfe uku. A samu takarda a manna a bango, a rubuta sunan mutum biyu a gaban kowane lokaci, wanda ya juya ya sa alama ya rubuta gefen da ya kwantar da shi.