Geji ko sikana: wanne zai faɗa maka gaskiyar famfon mai?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya yi tambaya jiya. Corolla ce gare shi ƙirar 2005, tana shan wahalar tashi da safe, idan kuma ya hau tudu ya taka totur sai ta riƙa shaƙewa kamar mai ya ƙare. Bakanike ya ce a sauya famfon mai. Shi kuma yana so ya auna ƙarfin man da kansa a gida kafin ya kashe kuɗi: ya sayi ƙaramar sikanar nan da ake haɗawa da waya, ko ya nemi geji mai allura?

Malam, a kan wannan motar taka geji za ka nema. Bari in faɗi dalili, domin abubuwan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba.

Sikana ba ta taɓa mai. Ana soka ta a wata kafa mai haƙora 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda ake kira OBD2, kuma tun 1996 doka ta wajabta ta a motocin da ake sayarwa a Amurka. Abin da ƙwaƙwalwar mota ta sani shi kaɗai take karanto maka. To matsalar ita ce yawancin motoci masu nozul na zamanin taka ba su da sansa a kan bututun mai. Ƙwaƙwalwar ba ta san ƙarfin man ba, balle ta gaya wa sikana. Za ka buɗe Torque ko wata manhaja a waya ka nemi wurin, ka tarar da shi wayam.

Ba wai ba ta da amfani ba. Za ta nuna maka lambar matsala, misali P0171, wadda ke nufin iska ta fi mai yawa a cakuɗin da injin yake ƙonawa. Za ta kuma nuna adadin man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa don cike giɓi. Idan ya daɗe sama da kashi 10 cikin ɗari, akwai magana. Sai dai wannan alama ce kawai. Tiyon iska da ya tsage zai ba da wannan lamba, sansar iska da ƙurar hunturu ta lulluɓe ma haka, nozul da ya toshe ma haka. Mutane da yawa sun sauya famfo mai lafiya saboda P0171.

Geji kuwa cikin man yake shiga. Agogo ne mai allura da tiyo, ka haɗa shi a bututun da ke kai mai wurin nozul, allura ta tsaya a inda gaskiya take. Toyota ta rubuta cewa injin 1ZZ na wannan Corolla yana son tsakanin 44 da 50 a ma'aunin psi, wato 3 da ɗan ɗoriya a ma'aunin bar. Kuma bayan an kashe injin, ƙarfin bai kamata ya faɗi ƙasa da 21 ba cikin minti 5. Lamba biyu ke nan, kowace da labarinta.

Ta biyun ita ce ta fi shafar tashin safe. Idan ka kashe mota ka ga allura tana sulalewa ƙasa a gaban idonka, man yana komawa tanki ta bawul ɗin famfo ko ta na'urar daidaita ƙarfi, ko kuma wani nozul yana ɗiga cikin injin. Shi ya sa da safe sai an daɗe ana murza makulli kafin bututu ya sake cika. Maganar tudu kuma ta farkon ce ke bayyana ta, amma kada ka tsaya a kallon allura injin na aiki a hankali. Famfon da ya gaji yakan ba da 45 cif idan ba a neme shi da yawa ba. Sa wani ya taka totur da ƙarfi sau biyu ko uku kai kana kallo. Allura ta tsaya daram, famfo ya fita daga zargi ko kusan haka. Ta nutse, to ko famfo ne, ko rariyar da ke bakinsa ta toshe, ko wuta ba ta isa gare shi yadda ya kamata. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi: soket da ya ci zafi ko waya mai tsatsa sai su sa sabon famfo ya yi aikin tsoho. Rariya kuwa, duk mai shan man galan a bakin titi ya san abin da ke taruwa a gindin tanki.

Wahalar geji tana wurin haɗawa. Motocin Ford da na GM da yawa suna da ɗan baki a kan bututu, irin na taya, ka ɗaura kawai. Toyota galibi ba ta da shi. Sai ka cire tiyon mai ka sa mahaɗi mai baki uku a tsakani, don haka idan za ka saya a Kofar Ruwa ko Panteka, buɗe akwatin ka tabbatar akwai mahaɗin da ya dace da motarka. Idan sau ɗaya za ka yi, aron na bakanike ya fi.

A nan ne haɗarin yake, kuma sikana ba ta da shi ko kaɗan. Man da ke cikin bututun a matse yake. Ka bari injin ya huce, ka fito da mota fili, nesa da janareta da murhu da mai shan taba. Ka cire rilen famfo ko soket ɗinsa, ka tayar da mota har ta mutu da kanta, sannan ka naɗe mahaɗar da tsumma kafin ka kwance. Bayan ka haɗa geji ka mayar da abin da ka cire, ka duba ko akwai ɗiga kafin komai.

Wani abu game da Toyota: da yawansu famfo ba ya kuka idan ka murɗa makulli zuwa rabi, sai injin ya fara juyawa. Kada ka kasa kunne a tanki ka ji shiru ka ce ya mutu. Al'adar nan kuma ta cire tiyo a murza makulli a ga mai ya yi tsartuwa a ce "famfo na bayarwa", ba ta auna komai. Famfo mai rabin ƙarfi ma zai watsa maka mai a fuska.

Inda sikana ke yin nasara shi ne sababbin motoci masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, waɗanda ake rubuta wa GDI ko TSI ko D-4S. Ɓangaren famfonsu na biyu yana haura 100 a ma'aunin bar, kuma suna da sansa a kan bututun. A can sikana za ta nuna maka ƙarfin da ake so da wanda ake samu gefe da gefe, ta ba ka P0087 idan ya gaza. Mai irin wannan mota kada ya kusanci bututun ƙarfen nan da sifana a gida, man da ke ciki yana iya huda fata.

Taka ba ta cikin waɗannan. Haɗa gejin da safe injin a huce, sannan ka tayar da ita ka rubuta lamba uku: injin na aiki a hankali, lokacin taka totur, da minti 5 bayan kashewa. Turo mana su mu duba tare kafin ka bari a buɗe tanki.