Pens ko sabon kabul? Ga abin da na gani a Tawa

Ɗan'uwa, ga amsar tambayarka: tsakanin sayen pens (abin matse kan kabul) ka sake wa kabul ɗinka na intanet kai da sayen sabo wanda aka riga aka ɗaura wa kai, pens za ka saya. Ka haɗa da ƙaramin testa (na'urar gwada kabul) mai aiki da batir 9V, da kawunan kabul ɗin, da ake kira RJ45, kamar ashirin, don na farko-farkon ɓata su za ka yi.

Nawa kabul ɗin daga ruta (akwatin da ke raba intanet) a falo ya bi ta zaure har shagona na ƙofar gida. Bara ya fara yi mini wasa, rezo ya zo ya tafi, in ya tsaya ma tafiyar hawainiya yake. Wata biyu ina zagin kamfani a banza. Wani yaro mai aiki a sibar ta unguwarmu ya zo da testa, ya maƙala ɓari ɗaya a falo, ɗaya a shago. Fitilu suka bi layi daga 1 zuwa 8, ta bakwai ta ƙi kamawa. Ashe zare ɗaya ne ya saki a cikin kan. Wayoyi takwas ne a ciki, huɗu kawai (1, 2, 3 da 6) sun isa gudun mega 100, amma gudun giga (mega 1000) sai duka takwas sun kai, shi ya sa nawa bai mutu ba, ya dai koma baya. Yaron ya yanke kan, ya ɗaura sabo, ko shayin da na dafa masa bai huce ba ya gama. Da na sauka Yamai na shiga kasuwar Katako na sayo nawa pens. Yanzu maƙwabta ni suke nema, har ana ce mini injiniya.

Jerin da nake bi, wanda ake kira T568B, maƙallin kan yana kallon ƙasa, daga hagu: fari-lemu, lemu, fari-tsanwa, shuɗi, fari-shuɗi, tsanwa, fari-ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kai biyun iri ɗaya. Kada ka warware murɗin wayoyin fiye da santimita ɗaya da ɗan abu, kuma ka tura har rigar kabul ɗin ta shiga cikin kan, pens ya danne ta. Kawuna uku na farko nan na yi asararsu, rigar tana waje, da an ja kaɗan zare ya fita.

Mai kai a haɗe kuwa, to, daga ruta zuwa tebur ba laifi. Na taɓa sayen dogo, kansa ya ƙi shiga hudar bango, ƙarshe yanke shi na yi.

Ba ka tambaya ba amma ka kula da masu sayarwa. Rubutun Cat6 (ajin ingancin kabul) a jikin riga ba shaida ba ne. Akwai wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, CCA ake ce masa, ya fi sauƙin kuɗi, ya fi saurin karyewa. Ka ce a yanko maka ɗan guntu, ka kankare zare ɗaya da wuƙa a gabansa. In fari ya fito, ka ajiye. Wanda ya hana ka kankarewa ma ka wuce gaba. Kuma kada a ce maka dole sai Cat6: Cat5e na jan ƙarfe zalla yana ɗaukar giga har mita 100.

In naka ta waje ya bi, ka duba rigar kafin ka taɓa kan. Ranar Tawa tana busar da ita ta tsattsage, ɓera kuma ya ƙarasa. Wannan kam ba aikin pens ba ne, sai ka ja sabo, ka zura shi cikin tiyo, ka nisanta shi da wayar kuran.